Jar Saniyar da Na Saka a Tallan Cuku

Shekarun baya, tun shafin nan bai san kowa ba kowa bai san shi ba, wata jar saniya ta kusa raba gidanmu da mutanen da muka fi ganin girmansu. Ku da kuka zo daga baya kuna ganin ina saka hotunan cuku hankali kwance, ba ku san akwai lokacin da salulata in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi ba.

Lokacin na gama makaranta ina zaune a gidanmu a Tanout, aiki bai samu ba, takardu suna cikin akwati suna hutawa. Mahaifiyata tana da wata ƙawa a cikin makiyayan da ke zaune arewa da Belbeji. Zumuncin gadonsa suka yi. Tun zamanin kakanni, in an gama girbi garkensu ne ke sauka a gonarmu, ya ci kara ya bar mana taki, mu ba su gero su ba mu nono da man shanu. Inna nake ce mata, mijinta kuma Baba. Cukun Inna kuwa, wanda ya san cuku in ya karya ya ji ƙamshinsa ba ya tsayawa ciniki. Sai na fara saro shi ina tallatawa a salula, wanda ya so in ba direba ya kai masa Damagaram ko Agadas.

Abin ya fara tafiya kaɗan-kaɗan, sai dai tambaya ɗaya ta ishe ni. Kowa sai ya ce, "Madam, na nonon shanu ne ko na madarar gari?" Na yi rantsuwa har na gaji. Yayana, wanda shi ne mai ba ni shawara ko ban nema ba, ya ce, "Ke, gani ya kori ji. Tafi ki ɗauko musu saniyar su ganta da idonsu."

Ƙarshen damina na tafi, lokacin da nono ya yawaita. Da na gaya wa Inna abin da ya kawo ni, dariya ta yi ta rufe baki da mayafi, ta ce in ɗauki hannunta amma ban da fuska. Baba kuma ya ce ba a nuna wa duniya garke, duniya baki gare ta, in zaɓi saniya ɗaya kawai. Ni kuwa da idona na ƴar gari na zaɓi wadda ta fi kyau, wata ja mai sheƙi, mai tsayawa kamar ta san ana ɗaukarta. Na ɗauki Inna tana tatsa, na ɗauki yadda take zuba nonon da ya kama a kan ƴar tabarmar kara, da yadda take shanya shi a rana har ya bushe. Don kada a ce ƙarya nake, har sunan rijiyar da suke shayarwa na faɗa a ciki.

Bidiyon ya yi farin jinin da ban zata ba. Mutanen da ban sani ba suna ta turawa junansu, ana ta kira ana neman cuku. Kaina ya fara girma, har na fara amsa wa yayana magana kamar mai kamfani.

Wata rana da la'asar ina ɗaure cukun da zan kai tasha, sai saƙon murya ya shigo daga baƙuwar lamba. Namiji ne, ya ce daga Arlit yake, kuma bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Madam, saniyar nan da kika nuna, ki tambayi mai ita inda ya same ta. Shaidar da ke cinyarta ta gidanmu ce. Tun shekarar fari mahaifina ke nemanta."

Na buɗe bidiyon na duba. Lalle akwai wani zane a cinyarta, wanda ni tun farko na ɗauka tabon ciwo ne. Ashe shaida ce, irin wadda makiyaya ke yi wa dabba da ƙarfe mai zafi. Kowane gida da tasa, kuma su suna karanta ta daga nesa yadda mu muke karanta suna a takarda.

Kafin in gama tunanin abin da zan ce masa, ashe ya riga ya yanko hoton, ya zagaye shaidar da jan layi, ya tura gurup-gurup na makiyaya. Nan da nan magana ta cika ƙarƙashin bidiyona. Wani ya ce cukun sata nake sayarwa. Wani ya ce ya san rijiyar, ya san tsohon. Kalmar da nake tsoro ta fito ɓaro-ɓaro, aka kira Baba ɓarawo. Mutumin Arlit ya sake turo saƙo ya ce yana tafe da jandarma, wato jami'an tsaro.

Ba cinikin nake ji ba, ciniki ya tafi duk inda za shi. A ƙasarmu in aka ce wa makiyayi ɓarawon shanu, ba shi kaɗai aka ce wa ba, har jikokinsa sai an nuna su da baki a kasuwa. Ga dattijon da tun ina ƙarama in ya zo gidanmu sai ya ciro mini dabino daga aljihu, yana can daji inda ko rezo, wato sabis ɗin salula, babu, bai san ana yawo da mutuncinsa a saluloli ba.

Na ɗauki salula zan goge bidiyon, mahaifiyata ta riƙe hannuna.

"In kin goge, kin ce Baba ya sata ke nan. Kuma abin da ya riga ya shiga hannun mutane, me za ki goge? Ɗauki mayafinki. Ke kika kai maganar duniya, ke za ki kai mishi, kada ya ji a bakin wani."

Washegari yayana ya ɗauke ni a babur. Tun daga Tanout har muka isa bai ba ni shawara ko ɗaya ba, a nan na san shi ma ido ya raina fata.

Mun sami Baba a gindin aduwa yana dafa shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani ina haɗa kai da gindi. Ya bar ni na gama, ya juye shayinsa ya sake juyewa, sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe mai ita na da rai."

Na zaci bai fahimce ni ba, na ce, "Baba, cewa fa suke za su zo da jandarma."

"Na ji, ɗiyata. Shekarar fari ta biyo garkenmu daga rijiya, tana karsana, ƙashi da fata. Na yi cigiya a kasuwar Belbeji, na yi a Tanout, na gaya wa hakimi. Ba wanda ya zo."

Ni na yarda da shi, ko rantsuwa ban nema ba. Amma a zuciyata na san duk wanda aka kama da saniyar wani haka yake cewa, biyo ni ta yi. Yayana ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, akwai wanda zai yi shaida?"

"Hakimin da na gaya wa ya rasu. Ku dai ce musu su zo."

Natsuwarsa ba ta kwantar mini da hankali ba, don na ga Inna. Tana gefe tana wanke ƙorai, ta ji komai, kuma har muka tashi ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Wannan ya fi duk zagin da na karanta yi mini ciwo.

Da muka dawo inda rezo ke kamawa na kira mutumin Arlit, na roƙe shi don Allah su fara zuwa su gani kafin a kai ga hukuma. Bai so ba. Daga baya ya kira ya ce mahaifinsa ya ce haka za a yi, zai biya ya ɗauko shi su zo tare. Kwanakin da na yi ina jiran ranar, abinci sai dai in tura shi don mahaifiyata tana kallo.

Da hantsi aka haɗu a bakin rijiya, lokacin shayarwa. Mutumin Arlit dogo ne, da ganinsa ka san da zafinsa ya zo. Mahaifinsa tsoho ne tukuf mai dogara sanda. Sabon hakimi ya turo wani dattijo ya zama shaida. Tsofaffin biyu suka tsaya gaisuwa irin tasu, ana tambayar gida da dabbobi da ruwa da ciyawa, ɗan yana ta sauya ƙafa. Sannan aka jawo jar saniya. Tsohon ya shafa cinyarta da tafin hannu, sannan ya ce tasa ce.

Ɗan ya juyo wajen Baba ya ce, "To, mun ji biyo ka ta yi. Duk shekarun nan ba ta haihu ba? Ina ƴaƴanta?"

Baba ya dubi mahaifin ya ce, "Kai ka san shaidarka. Shiga garke ka fid da naka."

Tsohon ya shiga cikin shanun a hankali da sandarsa. Ya tsaya a jikin wata saniya, ya sunkuya ya duba. Ya matsa gaba ya tsaya a jikin wani bijimi, sannan wata karsana, sannan wani ɗan maraƙi da bai daɗe da barin nono ba. Dabbobin da bai taɓa gani ba, waɗanda aka haifa a nan aka yi kiwonsu a nan, duk shaidar gidansa ce a cinyarsu. Ban ƙirga ba, don makiyaya ba sa son a ƙirga musu dabba, amma da aka ware su gefe sai da suka yi ɗan garke.

Baba ya ce, "Maƙeri na sa ya ƙera mini ƙarfe irin na jikinta. Ban san mai ita ba, amma na san ba ni ba ne. Na ji tsoro in mutu yara su raba abin da ba nasu ba."

Inna ta tashi ta shiga bukkarsu da ke nan kusa, ta fito da wani guntun busasshiyar fata ta ajiye a gaban tsohon. Ta ce wannan fatar wata ƴar jar saniyar ce da maciji ya sara wata damina ta mutu, suka yanke wajen shaidar suka adana don in mai ita ya zo ya gani.

Mutumin Arlit ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. Ni kuwa kuka ne ya ƙwace mini, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Dattijon hakimi ya ce nonon da aka sha halal ne, haka aka gada, nono na mai kiwo ne. Tsohon ya ce jar saniya ba inda za ta, a nan ta tsufa, nan ta san rijiya, ya bar wa Baba ita har da wata karsana. Baba ya ƙi, ya sake ƙi, sai da dattijon hakimi ya sa baki sannan ya karɓa.

Can ɗan ya tashi ya je ya durƙusa gaban Baba ya nemi gafara. Baba ya ce ba komai, wanda ya ga shaidar gidansu bai yi magana ba ai shi ne abin tsoro. Ni dai ban bar shi a nan ba. Na ce, "Malam, inda ka kai waccan maganar, nan za ka kai wannan." Bai musa ba. Muka hau wani tudun yashi inda aka ce rezo na leƙowa, ya yi saƙon murya da bakinsa, ya faɗi duk abin da idonsa ya gani, ya ce shi ya yi gaggawa. Muka tsaya a rana shi da ni da yayana, hannu a sama kamar masu roƙon ruwa, har saƙon ya tafi kowane gurup da ya tura na farko.

Da muka sauko Inna ta miƙo mini ƙwaryar nono, ta dube ni a karo na farko ta ce, "Ke da salularki. Sha, kin rame."

Ban bar talla ba, ga shi kuna gani. Sai dai na gane cewa abin da ni na ɗauka da abin da mutane ke gani ba ɗaya ba ne. Ni kyan saniya na gani, wani kuma sunan gidansu ya karanta. Shi ya sa yanzu duk abin da na ɗauko a wajen mutane sai na nuna musu sun duba da idonsu kafin ya fita, kuma ba na faɗin inda kowa yake zaune. Masu tambayata me ya sa nake jinkirin saka sabon abu, dalilin ke nan.

Har yau in na tuna sai in ji tsoro, don na san da Baba bai kasance yadda yake ba, ko da gaskiyarsa ba lalle ta fid da shi ba. Kwanakin baya na je kasuwar Belbeji karɓar kaya, na bi ta wajen dabbobi, na tarar da wasu mutum biyu suna gardama a kan wani raƙumi, kowa ya ƙi yarda da shaidun ɗan'uwansa. Sai na ji dillali ya ce a je a kira Baba, duk abin da ya faɗa shi ke nan. Su biyun suka ce sun yarda. Na tsaya da kayana a ka har na hango shi yana tahowa a hankali, mutane suna ba shi hanya.