Barkwancin Maƙerin Geza

Ko ƙasa ta rufe idona ban jin zan manta da safiyar da na tarar da shanu cikin shinkafata a fadamar Geza. Saura kwanaki kaɗan a yi yanka, ga shi sun tattake kusan rabi. Ni kuwa a lokacin zuciya gare ni, abu kaɗan sai in tashi kamar wutar kara.

Na zaro adda na yi kan mai shanun, wani Bafillace siriri da muke gaisawa kullum. Shi ma ya gyara tsayuwa da sandarsa. Mutane suka taru suna salati, amma babu wanda ya shiga tsakani. Wallahi niyyata sara ce.

Sai ga tsohon maƙerin garinmu tafe bisa jaki, za shi kasuwar Illo. Maƙera da Fulani kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ko saukowa bai yi ba ya dube ni ya ce, "Kai, wagga adda ni na ƙera ta! Kada ka ɓata min ƙarfe bisa wanga wuya da bai kai karan dawa ba. In ka kashe shi, wa zan riƙa zagi da sahe?" Ya juya ga Bafillacen: "Kai ko, shanunka sun hi ka wayo, sun san gonar manomin kirki."

Bafillacen ya fara ƙyaƙyatawa, taro ya ɗauka. Na cije, na cije, dariya ta ƙwace mini. Na sauke addar. Nan take aka shirya cewa da rani zai kafa shanunsa a gonata ta tudu su zuba mini taki, kuma ya cika alkawari.

Daga baya na je yi wa tsohon godiya, na ce ba'arsa ta cece ni. Ya ce, "A'a, ba'a kunyata mutum take yi. Wannan barkwanci ne, tun can an yi shi don masu hushi su samu hanyar ja da baya ba tare da kunya ba." Na sha tambayar malamai asalin kalmar, kowa da tasa, amma ma'anarta dai a bakinsa na ji.

Allah ya jiƙan tsohon nan. Albarkacinsa 'ya'yana suka tashi da ubansu a gida, ba a kurkuku ba. Abin da na koya shi ne, mai fushi sau da yawa so yake a ba shi dalilin sauke hannu.