Lahirar Sanyi da Margaret Ta Gani a Talabijin

Margaret Bobai tana da shekara sittin da huɗu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita kaɗai a wani ƙaramin gida a Gorton, gabashin Manchester. 'Yar Kagoro ce. Ta yi aikin kula da tsofaffi har ta yi ritaya, kuma a cocinsu ita ce ke tayar da waƙa a zumuntar mata. 'Ya'yanta biyu: Bethany, wadda ke aure a Moss Side, da Ethan, wanda ya rasu bara yana da shekara ashirin da tara.

Da sikila aka haifi Ethan. Mai sikila ba ya shiri da sanyi, ga shi an haife shi a garin da ruwa ba ya gajiya da zuba. Haka Margaret ta raine shi tana faɗa da hunturu: safa biyu, hula, robar ruwan zafi a cikin bargo. Idan tana bakin aiki ta ga an fara yayyafi, sai ta kira makarantarsu ta ce kada a bar shi ya fita fili.

Da ya girma sai ya tafi jami'a a Birmingham, ya karanci tatsuniyoyi da addinin mutanen arewacin Turai na dā, masu bauta wa Odin da Thor. Bayan ya gama ya zauna can yana koyarwa a sakandare. Wani hutu ya dawo gida da 'yar guduma ta azurfa, alamar Thor, a wuya.

"Kakanka ya bar dodo a Kagoro, kai ka zo Ingila ka ɗauki na Turawa," in ji Margaret.

"Mummy, ba bauta musu nake yi ba, albashi nake ci da su."

"To ka cire ta kafin ka zauna a teburina."

Ya cire yana dariya. Daga ranar, duk lokacin da ya ɗauko zancen masu gemun nan, kamar yadda take kiransu, sai ta ce ya ci abinci tukuna. Ba ta taɓa jin labari ko ɗaya har ƙarshe ba.

Ciwo ya kwantar da shi a wani asibiti a Birmingham cikin watan Fabrairu. An ce yana samun sauƙi, don haka Margaret, wadda ta je jinyarsa, ta koma Manchester ta kwaso masa kaya. Tana cikin mota a hanyar dawowa ya cika. Budurwarsa Rachel, Baturiya, ita ce ke gefen gadonsa. An binne shi a Manchester, fasto ya yi addu'a, Margaret da Rachel suka gaisa sama-sama suka rabu.

Wata rana da yamma, bayan an yi watanni, tana canza tasha sai ta faɗa kan wani shiri game da allolin nan. Ta tsaya saboda ta ga irin gudumar ɗanta. Mai bayanin ya ce a wurin mutanen, wanda ya mutu a fagen yaƙi shi ke shiga babban zauren Odin, a ci a sha. Wanda kuwa ya mutu da ciwo ko tsufa a kan gado, sai ya gangara wata lahira mai duhu da hazo da sanyi. Aka nuna mutane ba takalmi suna tafiya cikin ƙanƙara.

Margaret ba ta yarda akwai irin wannan wuri ba. Abin da ya hana ta barci daban ne. Idan yaron ya yarda da shi fa? Idan yana kwance a gadon nan, ya san ciwo ne zai kai shi, yana tunanin cikin sanyi za shi?

Ta sa Bethany ta nemo mata shirin, ta riƙa maimaita wurin. Ta daina tayar da waƙa a coci.

"Mummy, talabijin ne fa," in ji Bethany. "'Yan wasa ne aka shafa wa hoda. Ki tambayi fasto mana."

"Fasto ya san inda Yesu ya ce za mu. Bai san abin da ke cikin kan ƙaninki ba."

"To ki kira Rachel."

"Ba maganar waya ba ce."

Ta hau mota zuwa Birmingham, hanyar da ta rantse ba za ta sake bi ba. Rachel ta buɗe ƙofa ta ganta, ta ce "Mama" kawai, yadda Ethan ya koya mata. Da Turanci suka yi maganar. Da Margaret ta faɗi shirin da ta gani, Rachel ta yi dariya, hawaye na zubo mata.

"Wannan shirin? Jifan talabijin Ethan yake yi da filo idan an sa shi. Cewa yake sun ɗauki magana ɗaya sun mai da ita duka addinin."

Ta yi mata bayani kamar yadda ta ji daga bakinsa. Rabon nan na 'yan yaƙi sama, marasa lafiya ƙasa, wani Kirista ɗan Iceland ne ya tsara shi a rubuce, wajen shekara ɗari biyu bayan ƙasarsu ta bar addinin. Akwai tsohuwar waƙa da ta ce a wannan lahirar an shirya kujeru da zinariya, an dafa giyar zuma ana jiran baƙo. Akwai kuma labarin wani dangi da suka yarda cewa idan sun mutu, cikin wani dutse kusa da gidansu za su shiga. Makiyayi ya ga dutsen ya buɗe, ga wuta tana ci a ciki, ana hira ana marabtar wanda ya iso.

"Shi wanne ya yarda da shi?" Margaret ta tambaya.

"Ban sani ba, Mama. Ban taɓa ganin ya roƙi ɗayansu ba. Amma na dutsen ya fi yawan ba ni."

"Ya ce yana jin sanyi?"

Rachel ta gyaɗa kai. "Ya ce. Na karɓo masa bargo na biyu, na riƙe masa ƙafa. Ya tambaya ko kin taho da hularsa."

Hular tana cikin jakar da Margaret ta ɗauko masa ranar da ya cika. Ta miƙa hannu ta kama na yarinyar, suka zauna har shayin da ke gabansu ya huce.

Ta dawo gida ba tare da cikakkiyar amsa ba, kuma ta ce ta san ba wanda zai ba ta ita a duniyar nan. Ta daina kallon shirin. Waƙar ma ba ta koma tayarwa ba tukuna.

Ranar Asabar da ta wuce ta dafa gwaten acca, ta zuba a kula, ta sake hawa mota zuwa Birmingham. Ta ce wa Rachel ta fara mata labaran masu gemun nan daga farko, kada ta tsallake komai.