Atina da Isbarta a Tabarmar Kawu

Duk sanda sanyin Alƙahira ya shigo na ji ƙamshin gasasshen dankali daga amalanken mai talla, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Yayan Ummata ne. Karatun addini ya kawo shi Masar, amma tsofaffin littattafan tarihi suka tafi da hankalinsa.

A unguwar Ard al-Liwa muke zaune, wasu Hausawa a samanmu. 'Yarsu ce ƙawata, ba ni da wata. Iyayenmu mata tare suka taɓa tsare mai gidan har ya gyara famfo, amma igiyar shanya ta raba su. Kwanon abincin da ke hawa da sauka kowace Juma'a ya tsaya cak. Aka hana ni taka matakalarsu, ga shi da ƙarshen sanyi za su koma gida. Na yi kuka har na gode Allah.

Wata la'asar Kawu ya jera kofunan shayi a tabarma. Wannan Atina ce, masu jiragen ruwa, wancan Isbarta, masu mashi, butar shayi kuma Farisa. Ya ce Atina da Isbarta garuruwan Girka ne, harshensu ɗaya. Sun haɗa kai sun kori buta, sannan suka juya kan junansu shekara da shekaru, kowa na jan ƙananan garuruwa, har wani sarki daga arewa ya zo ya same su a galabaice. Wai ni yake ba labari, amma muryarsa kicin ta nufa.

"Ko su fa," in ji shi, "in lokacin wasanninsu ya zo, sukan bar wa matafiyi hanya."

Umma ta leƙo riƙe da ludayi. "Khalas, ya isa, Yaya, na ji. Ni ce Isbartar ko?"

Ba ta hau ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba, Umma ce fa. Ta dai zuba miyar kuka ta miƙo mini ta ce, "Yalla, maza kai musu." Sauran makonnin nan kullum ina sama. Su kuwa manyan, ko sallama ba su yi ba har motar tafiyarsu ta zo.

Yanzu a unguwar Dokki muke, inda maƙwabta ba su san juna ba balle su yi faɗa. Bara ƙawata ta kira ni ta ce mahaifiyarta ta rasu. Da na gaya wa Umma, sai ta ce, "Da ma na hau."