Bencin Baya da Na Guje wa a Ƙauye Ya Same Ni a Agege

Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi, yau na ce bari in kawo nawa. Lokacin da abin ya fara ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da biyu a wani ƙauye na kudancin Kaduna, ina cikin mawaƙan ikkilisiyarmu. Ina da murya, wannan kam ba yabon kai ba ne, amma ina da zuciya fiye da muryar. Ranar godiyar kaka, bayan an tashi sujada, wata matar aure da ta girme ni nesa ba kusa ba ta yi wa mahaifiyata gori a kan burkutun da ta taɓa dafawa kafin ta tuba. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na sharara mata mari a harabar coci, gaban jama'a, ta faɗi a kan buhunan masarar da aka kawo wa coci baiko.

Dattawa suka zauna suka sa ni a horo na wata shida. Ga wanda bai sani ba, horo a wurinmu shi ne a cire mutum daga duk wata hidima, ba zai ci jibin Ubangiji ba, kuma kowace Lahadi zai zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya gan shi. Idan wa'adi ya cika, ya tashi gaban ikkilisiya ya roƙi gafara. Lahadi huɗu na yi a bencin nan. A ta huɗun matar da na mara ta wuce ta gabana tana gyara ɗaurin ɗankwali, na ce a raina ni da benci mun gama. Cikin satin na hau mota zuwa Legas wurin goggona, wadda ke sayar da tuwo kusa da layin dogo a Agege.

A Agege na koyi ɗinki, na saba da mutanen Kano da na Nijar da ke cin abinci a rumfar goggo, na iya ciniki da Yarbanci kafin in iya gaisuwa da shi. Na kuma sami wata ƙaramar ikkilisiya da ake sujada da Hausa, cike da 'yan Filato da Adamawa da Gombe da Taraba. Ranar da na fara zuwa aka tambaye ni ko an yi mini baftisma kuma ina cin jibi, na ce e. Goggo ta san komai, amma ta ce abin ƙauye ya tsaya a ƙauye, ni kuwa da ma abin da nake son ji ke nan. Kafin shekara ta zagayo ni ce ke ba da waƙa a gaban mawaƙa.

A nan na haɗu da wanda yake mijina yanzu. Mutumin kudancin Gombe ne, yana aikin walda a Abule Egba. Ba waƙa ce ta haɗa mu ba, don idan ya buɗe baki sai ka ɗauka an tayar da janareta. Ziyarar marasa lafiya ce. An haɗa mu rukuni ɗaya muka je wurin wata tsohuwa da ruwan sama ya shiga ɗakinta har ƙarƙashin gado. Ni na buɗe baki zan fara addu'a mai tsawo, shi kuwa ya ce a dakata, ya fita ya samo bulo huɗu, ya ɗaga gadon ya ɗora a kai, ya kwashe ruwan da bokiti, sannan ya durƙusa ya yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba. A danfo, motar hayar Legas, muna dawowa na tsokane shi na ce addu'arsa ko ƙofar sama ba ta kai ba ta ƙare, ya ce ai Mai jin ba kurma ba ne. Daga ranar muka riƙa zama tare a nazarin Maganar Allah na ranar Laraba, muna gardama a kan ayoyi har a tashar mota. Na so shi ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Da ya furta maganar aure, sai ya ce abin da ya fi so a wurina shi ne duk abin da ke raina yana bakina. Na yi dariya na canja magana.

Da muka je wurin Baba Fasto, ya yi murna, sannan ya ce kafin a fara sanarwar aure sai kowa ya kawo takardar shaida daga ikkilisiyarsa ta gida, wadda za ta nuna cewa mutum cikakken memba ne kuma ba ya ƙarƙashin horo. Tasa ta iso cikin sati biyu. Ni kuwa na shiga kame-kame: yau an canja fasto, gobe sakatare ya yi tafiya. Wata ƙawata a shagon ɗinki ta ce in daina wahalar da kaina, akwai mai kwamfuta da zai buga mini takardar da tambari da sa hannu, ba wanda zai gane. Edita, na je. Ba zan ce ruɗa ta aka yi ba, da ƙafata na je, ni na faɗa masa abin da zai rubuta.

Lahadin da zan miƙa takardar ta faɗo ranar jibi. Tana cikin jakata a kan cinyata lokacin da dattijo ya iso layinmu da tiren jibin. Shekara uku ina miƙa hannu ba tare da na ji komai ba, amma ranar hannun ya ƙi. Na ga cewa idan na ɗauka, na fita na ba fasto takardar ƙarya, to a kan ƙarya zan tsaya gaban bagade ranar aure, a kanta zan haifi 'ya'ya, kuma duk wanda ya zo daga ƙauyenmu sai gabana ya faɗi. Na sunkuyar da kai, tire ya wuce. A ƙaramar ikkilisiya ba a rasa ganin irin wannan, saurayin nawa ma ya gani. Bayan sujada ya tsayar da ni a bayan coci ya tambaye ni lafiya. Na zaro takardar na ba shi, na gaya masa komai tun daga marin.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce marin bai dame shi ba, shi ma ya taɓa dambe a wurin aiki. Abin da ya ƙona masa rai shi ne sau nawa muka ci jibi a jere ina sane, kuma da hannun nawa bai ƙi ba da shi ma na sa shi cikin ƙaryar. Ya mayar mini da takardar ya tafi. Na yi kuka, amma ban koma gida ba sai da na shiga ofishin Baba Fasto na ajiye masa ita a tebur. Na riga na yanke cewa ko da aure ko babu, sai na ƙarasa abin da na gudu na bari.

Shi da faston ƙauyenmu suka yi magana, aka yarda in yi horon a Agege: wata biyar da suka rage, da ƙarin biyu saboda takardar. Sai da na fara tafiya gida na durƙusa wa matar nan, wadda ta ce ta yafe tuntuni, har ta ba ni gyaɗa in kai wa goggo. Sannan na dawo na zauna a bencin baya, a gaban mawaƙan da nake koya wa waƙa. Wasu suka daina gaishe ni, wata kuma ta fara kai wa saurayin nawa abinci wurin walda, labarin ma da gudu aka kawo mini. Goggo ta ce in canja coci, Legas da faɗi. Na ce mata na gudu sau ɗaya na ga inda ya kai ni.

Sati shida ko kallona bai yi ba. A na bakwai, ana waƙar buɗewa, sai na ji benci ya motsa. Shi ne. Wani dattijo ya zo ya raɗa masa cewa wurin nan na masu horo ne, ya amsa cewa ya sani, amma ba a taɓa sanar da cewa an hana kowa zama ba. Sai ya buɗe littafin waƙa ya riƙe mana mu biyu, ya shiga rera ta da muryar nan tasa. A wurin ya zauna har wata bakwai suka cika. Wata uku bayan an karɓe ni aka ɗaura mana aure.

Abin da na koya shi ne nisan gari ba ya goge laifi, ƙara masa nauyi yake yi. Wata biyar na guje wa, suka ci mini shekara uku na fargaba, suka kusa raba ni da mutumin kirki. 'Yan'uwana da ke barin gida ku zo Legas, musamman masu saurin hannu irina, idan kun bar wata magana a baya ku koma ku gyara tun ba a tambaye ku takarda ba. Kuma idan kun sami wanda yake son ku saboda bangaskiya, ku faɗa masa gaskiya tun da wuri. Kada ku dogara da cewa zai zo ya zauna kusa da ku. Nawa ya zo, amma sati shidan nan da na yi ban san ko zai zo ba, ba na fatan su ga kowa.