Rakiyar Dada Zuwa Bakin Kogi

Ni dai ban taɓa son tafiyar ƙasa ba, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Mutumin da ke hawa acaɓa daga unguwarmu Karewa zuwa bakin titi, wai shi ne aka goya wa jaka aka nufi duwatsun iyakar Kamaru da shi! Abokina ne ya ja ni. Tare muke koyarwa a wata firamare a Jimeta, ɗaki ɗaya muka kama haya, tukunyarmu ɗaya. Shi Bafulatani ne siriri marar hayaniya, ni kuwa ɗan fataken Barno ne, bakina ba ya hutawa.

Abokin nan nawa ɗan fari ne. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, sai Bappansa, ƙanin uban, ya kawo shi Yola Gari ya sa shi makaranta. Uwar ta sake aure, ta bi mijinta da shanunsa suka yi kudu, can bayan Toungo. Tun daga nan bai sake sa ta a ido ba. Ana gab da hutun ƙarshen damina, yana wanke kwano, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce mini, "Zan je in ga Dada. So nake in san ko tana tuna ta haife ni." Na buɗe baki zan yi masa tsiyar da na saba, sai na ga fuskarsa. Na ce to, ai ba za ka tafi kai kaɗai ba.

Mota ta kai mu Ganye, wata akwala ta ƙarasa da mu Toungo, daga nan sai ƙafa. Jakunkunan gwanjo muka saya a kasuwar Jimeta, muka cusa garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari, da buta da bargo, da atamfa da sabulu na tsaraba. Tawa har da rediyo, don tsabar wauta. Ciyawa ta fi mu tsawo. Da safe raɓa ta jiƙa mu sharkaf, da rana ƙudan tsando ya karɓi aikin. In mun haye rafi sai mu zauna cire matsattsaku daga ƙwauri. Na zagi hanya, na zagi jaka, na zagi ranar da na fara gaisawa da shi. Iyakarsa ya ce, "Sannu, Malam," ya ci gaba da tafiya.

Amma wallahi akwai mutanen kirki a dajin nan. A wani ƙauyen Chamba wata tsohuwa Kirista ta share mana ɗakin ɗanta, ta nuna mana gabas tun kafin mu tambaya, ta miƙo kaza da wuƙa ta ce mu yanka da hannunmu don mu ci da kwanciyar hankali. Makiyaya ne kawai na riƙe a zuciya. Duk wanda ka tambaya ina rugar take, sai ya ɗaga sanda ya ce nan kusa ce. Kusan nasu wuni guda ne cur.

Da la'asar muka isa, wasu bukkoki a gindin dutse. Ba sai an nuna mini ita ba. Doguwa ce, tana zaune tana burga nono, goshinta da na abokina ba bambanci. Ni uban zumuɗi na ajiye jaka na ce da ƙarfi, "Dada, ga ɗanki na kawo miki!" Ta ja mayafi ta kau da kai. Matan rugar suka bushe da dariya.

Kada ku ce ban san kunyar ɗan fari ba. A gidanmu ma akwai ta: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. Amma ni auta ne, tsohuwata tana ƙwala mini kira har maƙwabta su gaji. Kuma na zaci bayan shekara ashirin da ɗoriya kunyar za ta ɗan sassauta. Ina! Ni ta yi wa maraba. Ni ta shimfiɗa wa sabuwar tabarma, ta tambayi lafiyar iyayena, ta ce ƙafata ta kumbura a kawo man shanu. Shi kuwa ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙwarya.

Haka muka yi 'yan kwanaki. Ƙannensa suna liƙe da shi, mijin uwar ya yanka mana ɗan akuya, amma ita ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Kullum in abinci ya zo sai a ce na baƙo ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja shi bayan garke na ce, "Don Allah wannan muka ci ƙudan tsando dominsa? Tashi mu tafi." Ya ce, "Bar ta, Malam, haka ake yi." Da baki yake faɗa, amma ina gani tuwo ba ya wuce masa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa tsiyar da zan yi masa.

Ranar komawa da safe ya sake tsugunawa ya yi mata sallama. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan. Ya goya jakarsa idonsa jajur, ya ce mini a hankali, "Na samu amsata, mu je."

Mun ɗan taɓa tafiya sai ga ta a bayanmu, wai za ta taka wa baƙo. Rakiya dai a bakin ruga take ƙarewa. Dada ta wuce bakin ruga, ta wuce gonar dawa, ta gangara dutsen tare da mu. Tana gefena, shi yana biye da mu a baya. Na ce ta koma haka, ta ce ai ba a yi nisa ba. Sai da rana ta take muka iso kogi, inda dole a rabu.

A nan ta tsaya tana kallon ruwa, ta soma yi mini hira da Fulatanci, a hankali yadda Fulatancina na kasuwa zai ɗauka.

"Na san Yolar taku," in ji ta. "Akwai wata makaranta kusa da kasuwa, da bishiyar mangwaro a tsallaken ƙofarta, inda masu nono suke zama. Rani da yawa, in mun gangara da shanu wajen tafkin Njuwa, nakan kai ƙwaryata can."

Na ji takun abokina ya tsaya.

"Akwai wani yaro, kullum shi ne na ƙarshen fitowa. Wandon makarantar ya yi masa yawa, da igiya yake ɗaure shi. Wata shekara na gan shi da gyambo a gwiwa. Da na dawo wani ranin ya warke, na gode wa Allah."

Daga bayana na ji muryarsa. "Malam, tambaye ta, me ya sa ba ta taɓa kiran yaron ba?"

Ban kai ga tambaya ba sai ta amsa, ni take kallo ba shi ba, hawaye na bin kumatunta.

"Da wane suna zan kira shi?"

Ta gyara mayafinta, ta ce in gaida mutanen gida, ta juya ta kama hawan dutse. Abokina ya zube a kan yashi ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaron goye. Na zauna kusa da shi, ban ce ya yi shiru ba. Da ya ɗago sai ya bi ta da kallo, ta yi nisa tana tafiya a hankali.

"Ka ji, Malam?" ya ce yana share fuska. "Har gyambon ta gani."