Mun kai walima Samaru tun ba a ci jarrabawa ba

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da ƙanina da matarsa, da kuloli cike da shinkafa da kaji. 'Yarsu ce za ta tsaya gaban malamanta na jami'a a Samaru ta kare aikinta na kammala karatun injiniya, mu kuwa a gidanmu ba a zuwa murna hannu rabbana. Hanya lafiya lau, sai ramuka bayan Giwa, inda miya ta yi wa ƙanina ado a riga.

Mun same ta a ɗakinta na haya, ido ya yi ja. Tana ganin kuloli ta dafe kai. "Gwaggo, walima tun ban shiga ba? In na faɗi fa? Shekara guda zan maimaita!"

Ashe aikin ta iya shi sarai. Sunayen tashoshin lantarki na Turanci ne ke cakuɗe mata in ta tsorata. Ni kuwa na daɗe ina sauraron hadda a Islamiyya, na san maganin wannan. Ƙwan fitilar da za ta gwada wa malamai ya ƙone, sai na ce mu je shagunan unguwar PZ mu sayo wani.

A cikin keke na sa ta biya mini da ƙarfi. Haidiro, ruwan dam ke juya injin. Tamal, a ƙona gas ko kwal, tururi ya juya shi. Sola, hasken rana. Ta yi tuntuɓe a nukiliya, na ce ta koma farko, har mai keke ya fara amsa mata. A PZ kowane shago da janaretonsa, sai da ihu ake ciniki. Mai shagon da muka shiga ya rantse ƙwansa zai fi ni daɗewa, na ce ya gyara bakinsa.

Bayan azahar ta shiga gaban malamai. Muka zauna a inuwa muna gadin kuloli, ɗalibai na ta shawagi suna gaishe mu da ladabin da na san na yunwa ne. Ni kuwa idona na kan ƙofar da ta shiga. Sai ga ta da gudu tana dariya, ta faɗa jikin uwarta. Ta ci! Muka buɗe kuloli, ko ƙashi ba mu dawo da shi ba.

Da magariba muka iso gida, muka tarar an ɗauke wuta. Tafiyar ta koya mini cewa mai tsoro a sa shi ya faɗi abin da ya sani da ƙarfi. Na zauna a duhu ina jera wa maƙwabciyata tashoshi huɗu da Turanci. Ta ce in sun gama gaisawa, ɗaya ta leƙo unguwarmu da wuta.