Jan Kwikwiyon Baba da 'Yan Tsakin Inna

Jiya a hanyar Ɗambatta na ga wani yana jan kwikwiyo da igiya a bayan keke, harshensa a waje. Take na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Ranar da ya kawo wani jan kwikwiyo don gadin gona, Inna ta ce ba ta yarda ba, domin karenmu na baya ya cinye mata 'yan tsaki. "Malam, ya taɓa min kaza ɗaya, ya bar gidan nan."

Baba bai yi musu ba. Bayan an yi wa kwikwiyon allura, kullum da hantsi sai ya kai shi turke cikin kwando, ya zauna cikin warin awaki yana shafa kansa, shi kuwa yana sunsunar awaki da kaji. Tafiyarsu daga zaure zuwa gindin ɗorawa ce, su juyo. Na ce mu riƙa kai shi gona ya ƙware. Ya ce, "Ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Ƙashinsa bai yi ƙwari ba."

Bayan kaka, wata la'asar, shaho ya kawo wa 'yan tsakin Inna wawura. Karen ya zabura da haushi, shaho ya tashi ba komai. 'Yan tsakin kuwa ƙarƙashin cikinsa suka ruga! Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Inna da kanta ta kankaro wa karen ƙanzo, ta ce, "Malam, ka ci gari."

Baba, kai da ka sa ɗan tsako ya fake jikin kare, Allah ya ba ka mafaka inda babu tsoro.